Tambaya kan zanen yara biyu masu wasa a bakin teku: an gama shi kuwa?

Malamar Firamare, Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar zane-zane a kan wani zane da nake so in nuna wa ɗalibaina 'yan aji shida a darasin fasaha. Zanen na wata Ba'amurkiya ce mai suna Mary Cassatt, wadda ta yi shi a 1884, kuma yana nuna ƙananan yara mata biyu zaune a kan rairayi a bakin teku. Ɗaya tana riƙe da ɗan shebur da bokiti, ɗayar kuma ta sa malafa mai jan ƙyalle wadda ta rufe mata fuska. A bayansu akwai ruwa da wasu ƙananan jirage.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ko'ina na ga an ambaci wannan zane ana yabonsa a matsayin aikin gwanaye, alhali ni a idona kamar ba a gama shi ba. Jiragen da ke cikin ruwa ba su da siffa sosai, kamar an shafa fenti ne kawai aka wuce, kuma tekun ma ba a fitar da igiyoyinsa ba. Sannan yaran ba su kallon mai zane, ba su ma kallon junansu, ɗaya kuwa ko fuskarta ba a gani. Na san halin ɗalibaina, tambayar farko da za su yi mini ita ce me ya sa matar ba ta iya zana jirgi ba, kuma ba na son in ba su amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Shin da gangan aka bar shi haka, ko kuwa suna ne kawai ya ɗaga aikin? Idan da gangan ne, mene ne dalili, kuma ta yaya zan bayyana wa yaran da galibinsu ba su taɓa ganin teku ba?

Mai Zanen Allo, Fagge:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni sana'ata rubutun allunan shaguna ce da zanen jikin manyan motoci, ban yi karatun zane a jami'a ba, amma hannuna ya daɗe a cikin fenti, saboda haka zan faɗi abin da mai riƙe burushi yake gani idan ya dubi wannan aiki.

An gama zanen sarai, kuma shaidar tana hannun yarinyar da fuskarta ke bayyane. Ki buɗe hoton ki dubi yadda ta damƙe sheburin nan, irin riƙon ƙaramin yaro wanda bai saba da kayan aiki ba, ki dubi yadda kumatunta suka yi ja, da yadda ta sunkuyar da kai har wuyanta ya ɓace. Duk wanda ya taɓa gwada zana hannun yaro ya san babu abin da ya fi shi ba da wahala, domin ƙasusuwan ba su fito ba, nama ne duk ya lulluɓe su, kuma kuskure kaɗan sai hannun ya koma na babba ko ya koma dunƙulen da ba shi da rai. Macen da ta iya fitar da wannan hannu, ba jirgin ruwa ne zai gagare ta ba.

Dalilin barin jiragen a haka yana cikin yadda Allah ya halicci ido. Mutum ba ya ganin komai da kaifi ɗaya a lokaci guda. Idan kika tsayar da ido a kan fuskar yaro, abin da ke bayansa yana nan, kin san yana nan, amma launinsa da girmansa kawai kike ɗauka, ba ki ƙirga sassansa. Da ta zana jiragen nan da igiyoyinsu da katakonsu ɗaya bayan ɗaya, da idon mai kallo ya bar yaran ya tafi can yana bincike, da kuma an rasa abin da aka zauna dominsa. Mu da muka saba hango Dutsen Dala ta cikin hazon hunturu bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, domin a irin wannan lokaci dutsen ba shi da gefe mai kaifi, inuwa ce kawai mai launi, kuma babu wanda yake cewa ba Dala ba ne.

Wani abu da nake so ki lura da shi, wanda ni shi ya fi burge ni, shi ne fararen rigunan da aka ɗora wa yaran a kan tufafinsu masu duhu. Idan kika matso da hoton za ki ga farin ba fari zalla ba ne, akwai shuɗi-shuɗi da toka-toka a cikin ninkin rigar. Yawancinmu masu fentin allo idan muna son inuwa sai mu zuba baƙi a cikin launin, shi ya sa aikinmu yakan fito da datti-datti. Ita kuwa da launi ta yi inuwarta, kuma shuɗin da ke jikin yaran shi ne ya sake bayyana a cikin ruwan da ke bayansu, sai dai can ya yi sanyi. Wannan ne ya haɗa gaba da baya har zanen ya zama abu guda, ba kamar an yanko yara an manna su a kan hoton teku ba.

Tsohon Ɗalibin Zane, Rijiyar Zaki:

Bayanin Malam na Fagge ya wadatar ta fuskar aikin hannu, ni kuma zan ƙara da tarihin abin, domin tambayar da Malama ta yi ita ce ainihin tambayar da mutanen Faris suka yi lokacin da wannan salo ya fara bayyana.

A Faransa ta wancan zamani, mai zane ba ya samun suna ko ciniki sai an karɓi aikinsa a babban baje kolin hukuma da ake kira Salon, kuma alƙalan wurin sun fi son zanen da aka goge sumul har ba a ganin sawun burushi, mai ɗauke da labarin yaƙi ko sarauta ko tatsuniyoyin Girka da Rum. Wasu masu zane da suka gaji da wannan tsari, cikinsu har da Claude Monet da Edgar Degas da Pierre-Auguste Renoir da Camille Pissarro da wata mace mai suna Berthe Morisot, suka haɗa kai suka buɗe nasu baje kolin a watan Afrilu na 1874, a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi musu ba'a a jarida da cewa ayyukansu ba kammalallu ba ne, kuma daga ba'ar da ya yi wa wani zanen Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre sunan Imfireshanizim ya manne wa salon, wato zana abu yadda ido ya kama haskensa da launinsa a ɗan lokaci, ba dalla-dalla ba. Sun yi irin wannan baje koli sau 8 tsakanin 1874 da 1886, kuma zanen da Malama take tambaya a kai yana cikin waɗanda aka nuna a na ƙarshen.

Akwai abubuwan zahiri da suka ba wannan salo damar fitowa. Kafin 1841 masu zane suna ajiye fentin mai ne a cikin mafitsarar alade da aka ɗaure, su huda ta idan za su yi aiki, abin da ya sa fita da shi waje yake da wahala. A shekarar ne wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza da ake matsawa fenti ya fito, sai ya zama mutum yana iya ɗaukar launukansa a akwati ya je gona ko bakin ruwa. Jirgin ƙasa kuma ya haɗa Faris da garuruwan gaɓar teku na yankin Normandi, har zuwa shan iska a bakin teku ya zama al'adar masu hali. Wanda ya zauna a fili yana zane dole ne ya yi sauri, domin rana tana tafiya, girgije yana wucewa, launin ruwa yana canzawa kafin ya gama haɗa fenti. Akwai wani zanen Monet na bakin tekun Trouville na 1870, wanda ke gidan adana zane-zane na ƙasa a Landan, wanda har yau akwai ƙwayoyin rairayi da iska ta kwaso suka maƙale a cikin fentinsa. Ga kuma kyamara, wadda tun daga 1839 ta fara karɓe aikin kwafe kamanni daidai da daidai, abin da ya sa masu zane suka ƙara karkata ga haske da launi, waɗanda hoton wancan lokaci mai baƙi da fari ba ya iya kamawa.

Ita Cassatt an haife ta a 1844 a jihar Pennsylvania, ta fara karatun zane a Filadelfiya, sannan ta tafi Faris a 1866. Babbar makarantar zane ta gwamnatin Faransa ba ta karɓar mata a lokacin, sai a 1897 ta fara, saboda haka ta yi karatu ne a hannun malamai masu zaman kansu, ciki har da Jean-Léon Gérôme, wanda yana cikin manyan masu wancan salo na gogewa sumul. Wannan ya isa amsa ga ɗaliban da za su ce ba ta iya ba, domin ta koyi tsohon salon, har an sha karɓar ayyukanta a Salon, kafin Degas ya gayyace ta ta shiga cikinsu a 1877. Ta fara nuna aiki tare da su a 1879.

Game da rashin kallon mai zane, a ganina nan ne zuciyar aikin take. Kafin wannan zamani, idan aka zana yaran masu kuɗi, akan tsayar da su ne cikin kwalliya suna fuskantar mai kallo kamar ƙananan manya, domin iyaye su rataye a falo. Cassatt ta zaɓi lokacin da yaro ya manta da kowa, hankalinsa duka yana kan rairayin da yake zubawa a bokiti. Ta kuma matso kusa da su ƙwarai, ta ɗaga layin da ruwa ya haɗu da sama can saman zanen, har yaran suka cika ƙyallen, wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita 97, faɗinsa kuma 74. Babu uwa, babu mai raino, babu wani babba a ciki. Duk wanda ya taɓa lura da yara 'yan shekara biyu ko uku suna wasan ƙasa ya san haka suke yi, suna zaune kafaɗa da kafaɗa amma kowa da nasa aikin, kuma rufe fuskar ɗayar da malafa ya hana mai kallo tsayawa tambayar 'yar wane ce.

Dattijon Yakasai:

Na karanta bayanan 'ya'yana biyu, na kuma ƙaru, amma ina so in ɗan ja da baya, domin kada Malama ta shiga aji da yabo kawai. Tambayarta ta biyu, ko suna ne ya ɗaga aikin, ba a amsa ta sosai ba, kuma amsar gaskiya ita ce suna da kuɗi suna da hannu a ciki. Cassatt 'yar gidan masu hali ce, yayanta Alexander ya zama shugaban ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka, kuma ita da kanta ta riƙa ba attajiran ƙasarsu shawarar sayen ayyukan abokanta, musamman ƙawarta Louisine Havemeyer, wadda da yawa daga cikin zane-zanen da ta tara suka ƙare a babban gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a New York. Dillalin masu wannan salo, Paul Durand-Ruel, shi ma ya kwashi ayyukansu ya kai New York a 1886 bayan kasuwa ta yi masa wuya a Faransa. Wannan zane da muke magana a kai ya shiga gidan adana zane-zane na ƙasa a Washinton ne a 1970 cikin tarin Ailsa Mellon Bruce, 'yar attajirin da ya kafa gidan. Ban ce aikin ba shi da kyau ba, ina cewa ne kyau shi kaɗai ba ya kai zane bangon irin waɗannan gidaje.

Sannan ya kamata yara su san yaran wa suke kallo. Waɗannan 'yan mata masu fararen riguna da takalma a kan rairayi 'ya'yan masu sukuni ne. A Faransa ta lokacin sai a 1874 aka yi dokar da ta hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara 12 ba aiki a masana'antu, ita ma da sassauci a wasu sana'o'i, kuma sai a 1881 da 1882 aka mayar da karatun firamare kyauta kuma dole. 'Ya'yan masunta da ke zaune a wannan gaɓa ba wasa ne ya kai su bakin ruwa ba. Haka kuma shekarar da aka yi zanen, 1884, ita ce shekarar da Turawa suka zauna a Berlin suna tsara yadda za su raba Afirka, lokacin Sarki Bello yana kan gadon Kano, shekara 19 kafin sojojin Ingila su shigo garin nan. Ba laifin mai zanen ba ne, amma idan aka gaya wa ɗalibi wannan, zai san inda zai ajiye shekarar a cikin kansa.

Malamar Firamare, Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba, maganarka ta shiga, kuma zan haɗa shekarar da tarihinmu kamar yadda ka nuna. Sai dai na ci karo da wani bayani da ke cewa zanen yana da alaƙa da rasuwar 'yar'uwar mai zanen, ina so in san ko abin dogaro ne kafin in faɗa wa yara. Akwai kuma wani abu da nake tunani a kansa, wato wasu iyaye ba sa son a sa 'ya'yansu zana mutane, kuma ba na son darasin ya jawo magana tsakanina da su.

Tsohon Ɗalibin Zane, Rijiyar Zaki:

Malama, abin da yake tabbas shi ne yayarta Lydia, wadda suka zauna tare a Faris kuma ta sha zama ana zana ta, ta rasu a 1882, kuma rasuwar ta taɓa Cassatt har ta ɗan dakatar da aiki. Daga nan ne wasu masana suka fassara yaran biyu a matsayin tunawa da ƙuruciyarsu. Fassara ce ta masu nazari, saboda haka idan za ki ambata, ki ce wasu suna ganin haka. Ni dai ban ga zanen yana buƙatar wannan labari kafin ya tsaya da ƙafarsa ba, kuma ina tsoron idan aka fara da shi yara za su daina kallon fenti su koma neman alamun baƙin ciki da ba su nan.

Ina tare da Baba a kan maganar kuɗi, amma zan ƙara abu ɗaya. Matsayinta na 'yar gidan mutunci ya ba ta hali, ya kuma taƙaita ta, domin mace irinta ba ta zama ita kaɗai a gidajen shan shayi da wuraren da abokan aikinta maza suke samun abin zanawa. Abin da ke gabanta shi ne cikin gida, da lambu, da gidan wasan kwaikwayo, da mata da yara, kuma ko da yake ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ta zama wadda aka fi sani da zanen uwa da ɗa a zamaninta. Ta ci gaba da aiki har wajen 1914, lokacin da ciwon ido ya tsayar da ita, ta rasu a Faransa a 1926.

Mai Zanen Allo, Fagge:

A kan maganar iyaye, Malama, hukuncin zanen abu mai rai na malamai ne, su za a tambaya, kuma yana da kyau ki sanar da shugaban makaranta tun kafin ranar. Amma abin da ake so yara su koya daga wannan zane ba ya buƙatar su zana mutum ko ɗaya. Ki sauko da hoton daga shafin gidan da yake ajiye a Washinton, domin suna bayar da shi kyauta kuma mai kaifi ne, ki buga shi babba gwargwadon hali, saboda a fuskar waya ba a ganin sawun burushi. Ki sa su matso har su ga jiragen sun zama shafe-shafen fenti, sannan su ja da baya zuwa ƙarshen aji su faɗi abin da suka gani, kada ki riga su faɗa.

Bayan haka ki fita da su tsakar makaranta da farin ƙyalle da bokiti, ki ajiye su a kan yashi da hantsi, ki tambaye su wane launi ne a cikin ninkin ƙyallen da kuma cikin inuwar bokitin. Da yawa za su ce baƙi, domin haka suka saba ji, sai ki ce su sake dubawa. Rashin ganin teku ba zai hana su komai ba, tunda ruwan da ke cikin zanen shimfiɗar launi ce kawai, kuma wanda ya taɓa zuwa madatsar ruwa ta Tiga ko ya tsaya a bakin kogin Wudil zai iya ba sauran labarin yadda nesa take cinye siffar kwalekwale. Idan akwai lokaci, ki bar bokitin a inda yake, ki dawo da su bayan la'asar su sake zana shi a wata takarda dabam, sannan a jera takardun safe da na yamma a bango. Fentin ruwa na 'yan makaranta ya isa wannan aiki, sai dai ki cire baƙin daga cikin kwalin kafin ki raba musu.